Na'urar Geiger ba ta ganin nutiron: to da me za a auna a shantiye da gona?

Lawali: Assalamu alaikum ƴan zaure. Tambayata kan na'urar awon taurin ƙasa da laima ce, irin Troxler ɗin nan da labo-labon aikin hanya ke yawo da ita a shantiye. Ƙwaya biyu ce a cikinta: siziyam-137 mai fitar da haskokin gamma, da amerisiyam-beriliyam mai fitar da nutiron. Abin da ake gani a yawancin wurare shi ne a kara ƴar na'urar awon haskoki ta Geiger a jikin akwati, a rubuta lambar da ta nuna, a ce an auna. Shin wannan lamba ta haɗa da nutiron, ko gamma ce kaɗai? In ba ta haɗa ba, da me ake aunawa, kuma wace na'ura za ta jure zafin Maradi?

Malam Isuhu: Wa alaikumus salam, Lawali. Gamma ce kaɗai. Bututun Geiger yana bugawa ne idan abin da ya ratsa iskar cikinsa ya fizgo lantarki daga ƙwayoyinta. Nutiron ba shi da caji ko kaɗan, sai ya shige ya fita bai taɓa komai ba. Shi ya sa aka daɗe ba a gano shi ba, sai a 1932 James Chadwick ya tabbatar da shi.

Dabarar kama shi ita ce a sa masa wani abu da zai haɗiye shi ya fashe, sai a ƙirga fashewar. Abubuwa uku aka fi amfani da su. Iskar hiliyam-3 idan ta haɗiye nutiron tana rabuwa zuwa furoton da tiritiyam, ta saki ƙarfi 764 keV (eV ma'aunin ƙarfin irin waɗannan ƙwayoyi ne, keV eV dubu ne, MeV eV miliyan). Boron-10, wanda ake sawa a iskar BF3 ko a shafa a bangon bututu, yana ba da alfa da litiyam-7, galibi 2.31 MeV. Litiyam-6 yana ba da alfa da tiritiyam, 4.78 MeV. Amma dukansu suna son nutiron da ya riga ya yi sanyi, mai ƙarfin 0.025 eV, wanda ke tafiyar mita 2,200 a daƙiƙa. Shi kuwa wanda ke fitowa daga amerisiyam-beriliyam matsakaicin ƙarfinsa ya kai wajen 4 MeV. Idan ka kara masa bututun hiliyam tsirara, kusan duka za su wuce. Dole sai an rage musu gudu tukuna.

Habsatu: Malam, yaya ake rage gudun? Ba da dalma ba, kamar yadda ake tare gamma?

Malam Isuhu: A'a ƴata, nan ne mutane da yawa ke kuskure. Ki ɗauki goriba ki jefi wata goriba da ke ajiye: ta hannunki za ta tsaya, ɗayar ta tafi. Ki jefi turmi da ita: za ta dawo da ƙarfinta kusan duka, turmi bai motsa ba. Ƙwayar haidurojin nauyinsu ɗaya da nutiron, ita ce goribar. Dalma ta fi shi nauyi sau 207, ita ce turmin. A haidurojin karo kamar 18 ya isa ya sauko da nutiron daga 2 MeV zuwa sanyi, a gawayi sai an yi sama da 100, a dalma kusan 2,000. Don haka ruwa, kakin kyandir da farar robar foliyetilin su ne ke aiki.

Injiniya Rabi: Daga nan aka samo na'urar da ta dace da tambayar Lawali, wadda ake ce wa rem-mita ko ƙwallon rem. Ƙaramin bututun hiliyam-3 ko BF3 ne a tsakiyar ƙwallon foliyetilin mai faɗin santimita 21 zuwa 25, nauyinta kan kai kilo 6 zuwa 10. A cikin robar akwai wani faifai na kadmiyam ko roba mai boron da aka huhhuda masa ramuka. Ba ado ba ne. Illar nutiron ga jiki tana canzawa sosai da ƙarfinsa: guda ɗaya mai 1 MeV yana ba jiki kason haskokin da ya ninka na mai sanyi kusan sau 40. Ana so na'urar ta riƙa ƙirga masu gudu da yawa, masu sanyi kaɗan, yadda ƙidayarta za ta bi kason da jiki ke sha. Faifan nan mai ramuka shi ke cinye wani ɓangare na masu sanyin. Tsarin Andersson da Braun na farkon shekarun 1960 mai siffar ganga ne, na Leake ƙwallo ne, kuma har yau da yawa cikin na kasuwa daga su suka samo asali. Cikin masu ƙwallo a kasuwa akwai Berthold LB 6411 da Ludlum 12-4.

A san iyakarta. A tsakiyar zango, wajen ƴan keV, tana zarce gaskiya har ninki da yawa. Sama da 10 zuwa 15 MeV kuma tana kasawa, shi ya sa aka yi irin WENDI-2 mai tungustan a ciki don manyan injinan bincike. Ga amerisiyam-beriliyam babu matsala, domin da shi ma ake saita ta. Wanda ke son ya san rabon ƙarfin nutiron ɗin gaba ɗaya, wannan aikin ƙwallayen Bonner ne, jeri na ƙwallaye daga inci 2 zuwa 12 da aka fito da shi a 1960. Na ɗakin bincike ne, shantiye ba ya bukatarsa.

Sanusi: Ni ina da ja a kan bukatar ma. Mu yi lissafi. Troxler 3440 tana da siziyam 0.3 GBq da amerisiyam-beriliyam 1.48 GBq, wato milikuri 40 (GBq da kuri ma'aunin ƙarfin ƙwaya ne, milikuri dubu kuri ɗaya ne). Kuri ɗaya na ba da nutiron wajen miliyan 2.2 a daƙiƙa, ke nan tamu ba ta wuce 90,000 ba. A nisan mita ɗaya ka raba da faɗin ƙwallo mai wannan nisa, santimita murabba'i 125,600, ka samu 0.7 a kowane santimita murabba'i a daƙiƙa. Ka ninka da 391 pSv, wanda shi ne ma'aunin juyawa na wannan ƙwaya, ka ninka da 3,600. Ya ba ka wajen 1 µSv a awa (Sv ma'aunin kason da jiki ke sha ne: pSv miliyan µSv ɗaya ne, µSv dubu mSv ɗaya). Ma'aikacin da ya dasa na'ura ya ja baya mita biyu yana shan rubu'in wannan, na minti ɗaya kowane awo. Iyakar ma'aikaci 20 mSv ce a shekara idan aka daidaita shekaru biyar. Don me ƙaramin kamfani zai zuba miliyoyin sefa a ƙwallon da zai gaya masa abin da alƙalami ya riga ya faɗa?

Dakta Hadiza: Lissafinka daidai ne, Malam Sanusi, amma mutum ɗaya ka lissafa, kuma shi ne wanda ya fi kowa kariya. Ka tuna yadda aka gina na'urar. Siziyam yana bakin sanda, idan aka ja sanda sama sai ya shige cikin tungustan, murfi ya rufe ƙasa. Amerisiyam-beriliyam yana gindin na'urar, ba shi da murfi, ba shi da makunni. Dare da rana, a akwati ko a waje, yana fitar da nutiron ɗinsa. Geiger za ta nuna maka an kulle, nutiron kuwa yana nan yadda yake.

Yanzu ɗauki mai gadin da ke shimfiɗa tabarmarsa jikin kwantenar da aka ajiye na'ura, mita ɗaya tsakani. Awa 8 a dare, dare 300 a shekara, awa 2,400 ke nan. Da lambarka, 2.4 mSv daga nutiron kawai, ba a sa gamma ba. Shi ba ma'aikacin haskoki ba ne, iyakarsa ta jama'a ce, 1 mSv a shekara. Idan na'ura uku aka jera a kusurwa ɗaya, ka ninka. Na yarda wannan lissafin sama ne, jikin na'ura da akwati suna rage wani abu. To nawa suke ragewa? Nawa bangon siminti da daɓe ke maidowa? Alƙalami ba zai faɗa maka ba. Haka direban da aka ɗora wa akwati bayan kujerarsa, santimita 30 daga ƙugunsa, daga Maradi zuwa Dakwaro: a wannan nisa lambar ta haura 10 µSv a awa.

Sanusi: Wannan ai maganinsa nisa ne, Dakta, ba sayen na'ura ba. A mayar da akwati can ƙarshen bayan mota a ɗaure, a zana layi mita uku kewaye da ma'aji, a canza wa mai gadi wurin kwana.

Dakta Hadiza: Nisa shi ne magani na farko, babu musu. Amma wanda ya ba da magani dole ya duba ko ya yi aiki. Ban ce kowane kamfani ya mallaki ƙwallo ba. A auna ma'aji sau ɗaya da rem-mita mai takardar saiti lokacin da aka kafa shi, a sake idan an ƙara na'ura ko an sauya wuri. Ana iya yin hayar wanda ke da ita, ko kamfanoni uku su haɗa kuɗi. Abin da ba zan amince da shi ba shi ne a rubuta lambar Geiger a rajista a kira ta jimlar haskoki.

Injiniya Rabi: Kuma don Allah a daina yi wa ma'aji rufin dalma ana ganin an gama. Dalma na siziyam ne. Idan nisa bai samu ba, a jera jarkokin ruwa na lita 25 a cike tsakanin akwati da inda mutane ke zama, ko faifan foliyetilin mai boron kashi 5 cikin ɗari. A sani dai haidurojin idan ya haɗiye nutiron yana sakin gamma mai 2.2 MeV. A ƙaramar ƙwaya irin wannan ba abin damuwa ba ne, amma a manyan ƙwayoyin da ake zurawa rijiyoyin man fetur, masu kuri goma sha, shi ya sa ake sa boron a roba sannan dalma ta biyo daga waje.

Lawali: Na gode ƙwarai. To idan an samu ƙwallon, yaya ake awon a aikace? An ce allurarta ba ta tsayawa wuri ɗaya.

Malam Isuhu: Ba za ta tsaya ba, domin bugun kaɗan ne. Masu kaifin cikinsu na ba da bugu wajen 3 a kowane nSv (nSv dubu µSv ɗaya ne), wasu ƙasa da 1. A filin 1 µSv a awa, mai kaifin za ta buga sau 45 zuwa 50 a minti, ɗayar kamar sau 10. Kuskuren ƙidaya shi ne tushen murabba'in adadin: bugu 10 na da kuskuren sama da kashi 30 cikin ɗari, bugu 100 kashi 10, bugu 400 kashi 5. Saboda haka kada ka karanta allura. Sa ta a tsarin tara ƙidaya, ka ba ta minti 5 zuwa 10 a kowane wuri.

Ka fara da duba batir, ka bar ta ta zauna ƴan mintoci bayan kunnawa. Ka ɗauki awon fili nesa da ma'aji, aƙalla mita 20. Nutiron ɗin da ke saukowa daga sama bai kai 0.01 µSv a awa ba, don haka bugu ɗai-ɗai za ka ji. Ka ɗora ƙwallon a kan kujerar katako ko ƙafa uku, tsayin mita ɗaya daga ƙasa. Nisa ana auna shi daga tsakiyar ƙwallo, ba daga fatarsa ba. A kusa wannan bambancin na santimita 12 yana sauya lamba sosai. Sannan kai mai awo ka ja baya mita biyu, domin jikinka ruwa ne, yana maido da nutiron cikin na'ura. Ka auna jikin akwati, mita ɗaya, bakin ƙofa, bayan kowane bango, da daidai inda mutum ke zama ko kwanciya. A kowane wuri ka auna gamma da nata na'urar, ka rubuta lambobin biyu daban, sannan ka haɗa.

Shaibu: Bari in ƙara abin da ke lalata su a yanayinmu. Bututun na aiki da bolt 1,000 zuwa sama da 2,000, siginar kuwa ƴar mitsitsiya ce. Da damina, musamman Agusta, idan aka fito da na'ura daga buro mai sanyin kilim zuwa waje, raɓa na kwanciya a mahaɗin babban bolt, wuta ta riƙa tsallake, na'ura ta ƙirga tartsatsin a matsayin nutiron. Alamarsa bugu ya zo a tare kamar ruwan ƙanƙara, sannan shiru. Nutiron na gaskiya a warwatse yake zuwa. Magani: a bar ta cikin akwatinta a rufe rabin awa ta ɗauki zafin waje, a riƙa sa jakar silika a ciki ana gasa ta idan ta canza launi. Da hunturu kuma ƙura ce ke shiga mahaɗi, ta jira laima ta zama hanyar wuta. A goge da alkol mai tsabta, a bari ya bushe sarai, kada a taɓa farin abin da ke tsakiyar mahaɗin da yatsa. Girgiza ma na sa bugun ƙarya, don haka ba a awo mota na tafiya a hanyar marmara. Kuma a cire batir idan za a ajiye ta fiye da wata, zafin bazara na fasa su.

Habsatu: Yaya Shaibu, tsakanin hiliyam da BF3 wanne ya fi?

Shaibu: Hiliyam ya fi kamu, barn 5,330 a kan 3,840 na boron-10 (barn ma'aunin yadda ƙwaya ke kama nutiron ne), kuma ana iya matsa shi da yawa a bututu, ba guba ba ne. Aibinsa biyu: tsada, domin daga ruɓewar tiritiyam ake samunsa kuma ya yi ƙaranci a duniya tun wajen 2008, sannan bugunsa ƙarami ne, don haka a wurin da gamma ta yi yawa sai ƙananan bugun gamma su hau kan juna su tsallake shingen da aka sa. BF3 bugunsa ya ninka sau uku, ya fi iya watsi da gamma, amma iskar guba ce mai cin ƙarfe, kamfanonin jirgin sama na da tsauraran sharuɗɗa a kanta. Wanda zai riƙa aika na'ura waje don saiti ya yi tunanin wannan kafin ya saya.

Nana Mariyama: Ba a taɓo bajin da ma'aikaci ke maƙalawa ba. Wanda aka fi rabawa na gamma ne, shi ma bai san da nutiron ba. Idan za a yi oda a faɗa a rubuce cewa akwai amerisiyam-beriliyam. Iri biyu ne. Akwai CR-39, ƴar roba ce da furoton ɗin da nutiron ya tunkuɗo ke yi wa rauni. A labo a jiƙa ta a ruwan soda mai zafi, raunukan su buɗe, a ƙirga da madubin ƙara girma. Gamma ba ta dame ta, kuma ta dace da nutiron masu gudu. Akwai kuma na albedo, ƙwayoyi biyu na litiyam-6 da litiyam-7: na farko na ganin gamma da nutiron, na biyu gamma kawai, sai a debe. Wannan yana dogara da nutiron ɗin da jikin mutum ya sanyaya ya maido, don haka dole ya manne da ƙirji. Idan yana lilo a igiya bisa babbar riga, lambar banza ce. Kuma amsarsa na sauyawa sosai da ƙarfin nutiron, sai an ba labo bayanin irin ƙwayar. Ga masu Troxler ni CR-39 zan zaɓa. Bajin shaida, wanda ba a maƙalawa kowa, da ke zuwa tare da sauran a ajiye shi a buro, nesa da ma'aji, kada a bar kowane baji a gaban mota cikin rana.

Sanusi: Ga mai araha da bai bukatar batir: bututun kumfa. Ɗan tulu ne kamar alƙalami mai kauri, cike da wani abu kamar kamu mai haske, da ɗigo-ɗigon ruwan da ya wuce zafin tafasarsa amma bai tafasa ba. Nutiron ya bugi ɗigo, ya fashe ya zama kumfa da ido ke gani. Ka ƙirga kumfa, ka raba da lambar da ke jikin tulun. Gamma ba ta tayar da shi. In ka gama ka murɗa murfi, kumfa su koma. A rataya uku a inda mai gadi ke kwana, da safe an samu amsa.

Dakta Hadiza: Shawara ce mai kyau, da sharaɗi ɗaya babba. BD-PND na kamfanin BTI na Kanada an daidaita shi ne tsakanin digiri 20 da 37. Maradi a Afrilu da Mayu inuwa ma na wuce 40, cikin kwantenar ƙarfe kuwa ba a magana. Da zafi ya wuce iyaka kaifinsa na ƙaruwa, har ɗigo su fara fashewa da kansu, ka wayi gari tulu ya cika da kumfar da ba nutiron ya yi ta ba. A yi wannan awo da dare, a watannin Disamba da Janairu kuma a lura kada sanyin asuba ya sauka ƙasa da 20, a rataya ma'aunin zafi a gefensa. Rayuwarsa ma ƴan watanni ce, kada a sayi na shekara biyu a ajiye. Ga lissafi: tulu mai kumfa 2 a kowane µSv, awa 8 a filin 1 µSv a awa, kumfa 16, kuskure 4 sama ko ƙasa. Da uku a haɗe kuskuren ya sauko wajen kashi 15 cikin ɗari. Ya isa a san ko wuri na da matsala.

Malam Illa: Mu na ɓangaren noma abin ya shafe mu ta wata fuska, domin a wurinmu nutiron shi ne ma'aunin. Na'urar awon laimar ƙasa irin CPN 503 na da amerisiyam-beriliyam milikuri 50 da bututun hiliyam a kai ɗaya, ana zura su cikin bututun da aka kafa a gona. Ruwan ƙasa ya sanyaya nutiron, bututu ya ƙirga waɗanda suka dawo: laima ta yi yawa, bugu ya yi yawa. Inda ake kuskure shi ne a ɗauki layin saitin da ya zo daga masana'anta a yi aiki da shi a jigawa da fadama duka. Yumɓun fadamar Gulbin Maradi na riƙe haidurojin a jikin ma'adininsa wanda ba ruwan da shuka za ta sha ba ne, na'ura kuwa ba ta bambancewa. Kowace ƙasa da nata layi: a ɗauki samfur kusa da bututu a zurfi ɗaya, lokacin rani da lokacin da ƙasa ta ƙoshi, a busar a digiri 105 awa 24, a ninka da nauyin ƙasar a kowane santimita kubik.

Faɗin abin da take gani ma ba ɗaya ba ne. A ƙasa mai laima kashi 30 cikin ɗari kamar santimita 22 ne kewaye, a rairayin gonar gero mai kashi 5 ya kai 40. Ke nan awon da aka yi a zurfin santimita 10 ko 15 a jigawa ƙarya ne, rabin nutiron sun tsere sama, sai ta nuna bushewar da ta wuce gaskiya. Bututu kuma na alminiyam ya fi. Na PVC na da kulorin mai haɗiye nutiron, yana rage bugu. In shi aka samu a yi saiti da shi ɗin. Rami ya matse bututu, a toshe ƙasansa, a rufe bakinsa don ruwan sama.

Lawali: Malam Illa, wannan ya bayyana abin da ake gani a marmara: laimar da Troxler ke bayarwa ba ta cika dacewa da ta tanda ba.

Malam Illa: Dalili ɗaya ne. Yumɓu, jibsin, farar ƙasa da ruɓaɓɓen ganye na sa ta zarce. Ƙarfe, boron da gishiri na haɗiye nutiron su sa ta kasa, marmara kuwa ƙarfe ne da ita. A ɗauki samfur huɗu ko biyar daga inda aka auna, a busar, a fitar da bambanci, a shigar da shi a matsayin gyara ga wannan ramin marmarar kaɗai. An canza rami, a sake. Kowace safiya a yi ƙidayar minti 4 a kan farin tubalin gwaji na Troxler ɗin, mita 10 daga wata na'ura, mita 3 daga bango ko mota. Ta laima kada ta kauce wa matsakaicin huɗun baya da fiye da kashi 2 cikin ɗari, ta tauri kashi 1. A cikin rami mai zurfi bangon na maido da nutiron, sai an yi gyaran rami.

Habsatu: Akwai na'urar awon laima da aka ce ba ta da ƙwaya sam, daga sama take samun nutiron.

Malam Illa: Akwai. Bututu ne cikin rigar foliyetilin santimita 2.5 a kan sanda, da faifan hasken rana, yana ƙirga nutiron ɗin da haskokin sararin sama ke haifarwa. Ita lissafinta a juye yake: ƙasa ta jiƙe, bugu ya ragu. Tana ganin fili mai nisan mita 130 zuwa 240 kewaye, zurfi daga santimita 15 a jiƙaƙƙiyar ƙasa zuwa wajen 80 a busasshiya. Sai an gyara ƙidayar da nauyin iska, laimar iska, da sauyin haskokin da ke shigowa. A yankinmu na kusa da tsakiyar duniya maganaɗisun ƙasa na kore da yawa daga cikinsu, bugu ya yi ƙasa da na Turai, don haka a tara na awa 6 zuwa 12. Gero idan ya yi tsayi ruwan jikinsa ma na shiga lissafi.

Mamman: Tambaya daga ɓangaren duwan. Kamyon tsofaffin ƙarafa da ke bi ta Ɗan Isa, ƙwallon rem zai yi aikin bincikensu? Kuma yuraniyam na Arlit na fitar da nutiron?

Injiniya Rabi: Ƙwallon rem na faɗin yawan kaso ne, ba na farauta ba, bututunsa ƙarami ne, kafin ya tara bugu kamyo ya wuce. Na farauta dogayen bututu ne cikin siririyar roba, ko faifan litiyam-6, a ƙofar da mota ke ratsawa a hankali ko a jakar goyo. Ƙararrawar gamma kan tashi a kan takin fotas, tayil da dutsen giranit, wannan ba sabon abu ba ne. Ta nutiron ba kasafai take tashi ba, in ta tashi a ware motar, a maimaita awo tana tsaye. Tarin ƙarfe mai yawa na ɗan ɗaga ƙidaya saboda haskokin sama da ke bugunsa, amma a ko'ina jikin motar daidai. Ƙwaya kuwa na da wuri guda da bugu ke hauhawa. Kada a sauke kaya, a kira ARSN, hukumar kula da harkar nukiliya ta Nijar.

Yuraniyam-238 na fitar da nutiron wajen 14 a daƙiƙa a kowane kilo. Durom guda bai wuce ƴan dubbai ba, ƙasa da Troxler ɗaya nesa. Haɗarinsa ƙura ce, da iskar radon, da gamma.

Lawali: Saura saiti. Ina ake kaiwa, kuma me za a duba a takardar?

Dakta Hadiza: Sau ɗaya a shekara aka saba, ko bayan gyara. Ba kowane ɗakin saiti da ke yin gamma ke yin nutiron ba, a tambaya kafin a aika, kuma a nemi ARSN ta faɗi wanda take amincewa da takardarsa. Takardar ta ambaci ƙwayar da aka yi amfani da ita bisa ƙa'idar ISO 8529, amerisiyam-beriliyam ko kaliforniyam-252, ta ce H*(10), wato kason haskoki na wuri, aka auna, ta ba da lambar gyara a kowane zango, ta nuna an cire nutiron ɗin da bangon ɗaki ya maido.

Tsakanin saiti da saiti, Troxler ɗin kanta ta isa abin gwaji. Kafinta ya yi katako mai gurbi biyu, ɗaya na na'urar a kulle, ɗaya na ƙwallo, santimita 50 tsakani, a wuri ɗaya kullum. Ranar da ƙwallo ya dawo daga saiti a ɗauki ƙidayar minti 10 a rubuta. Rabin rayuwar amerisiyam-241 shekara 432 ne, lambar ba za ta motsa ba a zamaninmu. Duk ranar da ta kauce da kashi 20 cikin ɗari, ƙwallon ne ya samu matsala.

Sanusi: Na karɓi wannan. Awon ma'aji sau ɗaya da ƙwallon haya, CR-39 ga masu riƙe na'ura, kumfa da dare in ana shakka. Abin da ban sauka daga kai ba shi ne tilasta wa mai na'ura ɗaya sayen ƙwallo.

Shaibu: Sai dai a san inda za a same shi cikin awa kaɗan, saboda ranar da kompakta ta taka na'ura. A tsayar da injin a inda yake, a kewaye mita 5 aƙalla, kowa ya fita, kada a tattara tarkace da hannu, a kira jami'in kariya da ARSN. Geiger za ta kai ka ga sandar siziyam. Ƙwayar amerisiyam ƙarama ce, ba ta kai kan ɗan yatsa ba, kuma gammarta mai 60 keV rauni gare ta, ƴar ƙasa ko ƙarfe ya rufe ta. Na'urar nutiron ce za ta tabbatar tana cikin tarkacen ko ta maƙale a tayar injin. Kwanson ƙarfe biyu ne a kanta, da wuya ya fashe, amma in ya fashe garin amerisiyam a huhu ya fi nutiron ɗin haɗari nesa ba kusa ba. Sai an shafa an gwada abin da ya manne, ƙarfinsa ƙasa da 200 Bq, kafin a ɗaga komai.

Lawali: Allah shi saka da alheri. Dakta, katakon gwajin nan, a ɗora shi a ƙasa ko a kan tebur?

Dakta Hadiza: Ko wanne, muddin ba a canza ba. A zana wurin da fenti a daɓe, a kau da jarkokin ruwa daga kusa kafin a fara ƙidaya, mai awo kuma ya tsaya a wuri ɗaya kowane lokaci.